Mu Zana Wa Yaranmu Littafin Carki Da Sa

Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, ni na faɗa wata makarantar firamare a nan cikin Mubi, aka ba ni aji ɗaya. Na tarar da wani littafi mai hotuna a kabad, kyautar da aka aiko daga ƙasar waje. Labarin wata farar dabba ce ta ƙasar ƙanƙara, da abokinta tsuntsun da ba ya tashi. Na karanta, na fassara, na yi ta fama, yara kuwa sun yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan tunkiyar me ya sa ba ta da makiyayi?"

Da na koma masauki sai na sami kwali, na zana sa, da carki a kan tozonsa. Zanen kam ba abin nuna wa baƙo ba ne. Amma kashegari ina ɗaga shi aji ya kaure. Wannan ya ce ya gan su a kara ranar kasuwa, wancan ya ce kaska carkin yake cirewa. Wata yarinya Bafulatana, wadda kwana goma ban ji muryarta ba, ta ce, "Nagge!" Sa'an nan 'ya'yan Fali da na Gude da na Margi kowa ya faɗi sunan da ake kiransa a gidansu.

To, ga ra'ayina, 'yan'uwa. Littafin da ya kamata a fara karanta wa ƙaramin yaro shi ne na dabbar da ya sani, kuma labarin ya zama na amana tsakanin waɗanda ba jinsinsu ɗaya ba. Dalili kuwa, ajin Mubi ba kamar ajin Kano ba ne. Yaro yana zaune benci ɗaya da wanda harshensu dabam, addininsu dabam. Garin nan ya ga tashin hankali a 2014, sa'ad da mutane suka watse, waɗansu har Kamaru, waɗansu Yola. Kadan ka tsaya kana yi wa ɗan shekara shida wa'azin zaman lafiya, barci zai yi. Amma nuna masa carki ya ƙoshi, sa kuma ya huta da ƙaiƙayi, ka ga ya gane da kansa.

Wani zai ce ai muna da tatsuniyoyi. Gaskiya ne, Alhamdu lillahi an kuwa tattara su. Frank Edgar ya buga nasa tun 1911, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971. Sai dai mu duba. Yawancin na Gizo wayo ne da cin amana, yau ya cuci kura, gobe ya cuci giwa, yara suna dariya suna yaba masa. Ban ce a jefar da Gizo ba, amma kada ya zama shi kaɗai ne malaminsu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, tana cike da hikima, amma ta yi wa aji ɗaya nauyi.

Wani kuma zai ce dabba ba ta magana, don me za mu koya wa yara ƙarya? Ai malaman da ba su ga laifin wannan ba. Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya mai da Larabci fiye da shekara 1,200 da suka wuce, yana da babi guda a kan abota, inda ɓera ya tsinke ragar da ta kama kurciyoyi, daga baya ya ƙulla amana da hankaka da kunkuru da barewa. Misali dabam, ƙarya dabam.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu su sa doka, kada ɗalibi ya tafi gwajin koyarwa sai da littafi guda na hannunsa. Shafi takwas ya isa. Hoto babba, magana layi ɗaya ko biyu, a riƙa maimaita kalmomi don yara su karɓa. Wajen karatu malam ya zauna ƙasa, ya juya musu hoton, kafin ya buɗe shafi ya tambaye su abin da suke tsammani zai faru. Dabbobi kuwa ga su nan birjik, balbela da garke, jaki da kare, biri na kan dutse, kunkuru na bakin Yedzaram.

Kada rashin iya zane ya hana mu. Nawa san ma wani yaro ya ce ya fi kama da jaki, duk da haka har na bar makarantar kullum sai sun ce in sake karantawa. Da babu gara ba daɗi. In mun zauna jiran wani ya aiko mana daga nesa, tunkiya marar makiyayi za a yi ta aiko mana.

Allah ya sa mu dace, amin.