Akwatin Kakana da Gara Ta Ci

Jama'a, a hutun da ya wuce na je gida Madakiya, na buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe na kakana, wanda ya yi aikin reluwe a Kafanchan. Da can cike yake da takardun haraji da wasiƙu da katin baftisma. Da na ɗaga murfin, sai na tarar gara ta gama da su sarai, sai ƙasa. Tsohon kuwa ya rasu, ba sauran wanda zan tambaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Bari in ba ku labarin waɗansu mutane da suka fi mu sanin darajar takarda. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka killace Yahudawan birnin Warso na ƙasar Poland a unguwa guda. Wani malamin tarihi, Emanuel Ringelblum, ya ga ana shirin shafe mutanensa, sai ya tara abokai a asirce suka shiga tattara kome: wasiƙu, da jaridu, da katin rabon abinci, har da rubutun 'yan makaranta. Suka zuba su cikin akwatunan ƙarfe da garewanin madara, suka binne a ƙarƙashin wata makaranta. Shi kansa an kashe shi a 1944. Amma a 1946 aka tono akwatuna 10, a 1950 kuma garewani 2. Yau takardun suna Cibiyar Tarihin Yahudawa a Warso, duniya tana jin labarin mutanen nan daga bakinsu.

To, mu fa? Kada wani ya ce ba mu da abin ajiyewa. Kan mutum-mutumin da aka samu a Jama'a a 1943, shi ya sa Bernard Fagg ya gane tsufan al'adar Nok, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Amma yumbu ba ya magana, ba zai faɗa mana sunan wanda ya gina shi ba. Akwai kuma ma'ajiyar takardun gwamnati a Kaduna, sai dai yawancin abin da ke ciki game da ƙasarmu a zamanin Turawa, Razdan da Di'o ne suka rubuta, da idon baƙo. Ina muryar Bajju da Atyap da Ham da Fantsuwam? Ina ta Hausawa da Filani da Ibo da suka zauna Kafanchan bayan jirgin ƙasa ya iso a 1927?

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne, malami kuwa ajinsa ya ishe shi. Na yarda aikinmu da yawa. Amma wa ya fi malami kusa da ƙauye? Wa tsofaffi suke kawo wa wasiƙa ya karanta musu?

Ga shawarata. Kowane ɗalibi, in ya tafi hutu, ya zauna da tsoho ɗaya ya rubuta abin da ya faɗa, cikin harshen da ya faɗe shi, da kwanan wata. Ya ɗauki hoton tsofaffin takardun gida da na coci da na masallaci, da izinin masu su. Kwaleji kuma ta ware kabad guda a laburare, mai makulli da maganin gara.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Nawa akwatin ya riga ya tafi. Ku je ku buɗe naku tun da sauran dama. Allah ya sa mu dace, amin.