Ƙanƙara a Gindin Fure: Barbarar Ƙatuwar Kabewa a Tsananin Zafi

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai manoman da ba don tukunya suke noman kabewa ba, sai don sikeli. Irin da suke shukawa, mai suna Atlantic Giant, wani manomi ne ɗan garin Windsor da ke lardin Nova Scotia a Kanada, marigayi Howard Dill, ya shafe shekaru yana tace shi. A 1981 kabewarsa mai nauyin laba 493.5, wato kimanin kilogiram 224, ita ce ta fi kowace nauyi a duniya. A 2012 Ron Wallace na jihar Rhode Island ya haye laba 2,000, sannan a 2023 Travis Gienger na jihar Minnesota ya kai wata gasar Half Moon Bay a Kalifoniya, aka auna ta laba 2,749, kusan kilogiram 1,247. Cikin shekara arba'in da 'yan kai nauyin ya ninka fiye da sau biyar. Sai dai duk wannan bajinta a kan safiya ɗaya tak ta rataya, kuma safiyar ce zafin bazara yake neman ƙwacewa.

Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya. Namijin fure yana tsaye a kan siririn kara, yana ɗauke da bununi, wato garin nan mai ruwan ɗorawa. Macen kuwa ana gane ta da ɗan ƙullutun da ke gindinta, wanda shi ne zai zama ɗan kabewa idan barbara ta kama. Furen yakan buɗe da asuba, kafin rana ta take ya yanƙwane ya rufe, ba kuma zai sake buɗewa ba. A cikin waɗannan 'yan sa'o'i ne dole bununi ya sauka a kan tsakiyar macen fure, ya tsira, ya zura siririn bututu har zuwa inda ƙwayoyin iri suke. In abin da ya isa can bai wadata ba, ɗan yakan fito a karkace, ko kuma ya tsaya da girma, shekinsa ya dushe, ya yi laushi ya ruɓe.

Mai noman gasa ba ya barin wannan aiki ga ƙudan zuma. Tun da yamma yake duba furen da zai buɗe gobe, ya ɗaure bakinsa ko ya rufe shi da 'yar jaka, ya yi haka ga mazan furannin da ya zaɓa daga wata shukar. Da gari ya waye sai ya fige ganyen namijin, ya goga bununin a kan kowane ɓangare na tsakiyar macen, ya sake ɗaure ta don kada wani ƙwaro ya kawo baƙon bununi. Dalilin wannan tsantseni shi ne nasaba. A wajen waɗannan mutane kowace ƙwayar iri tana da suna, wanda ya ƙunshi nauyin kabewar da aka ciro ta da sunan manomin da shekarar, misali 2009 Wallace 2012, kuma an san uwarta da ubanta da kakanninta. Ƙwaya ɗaya mai kyakkyawar salsala takan kai ɗaruruwan daloli a wajen gwanjo. Da wuya a sami wata kabewa a doron ƙasa da aka kiyaye tarihin zuriyarta kamar wannan.

Lokacin barbarar yakan faɗo tsakanin tsakiyar watan Yuni da farkon Yuli, domin ana son ɗan ya sami kwana ɗari ko kusa da haka yana girma kafin gasannin ƙarshen Satumba da Oktoba. Manoman sun daɗe da lura cewa da zarar zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, barbara takan fara ƙin kamawa. To, a ƙarshen Yunin 2021, daidai tsakiyar wannan lokaci, zafi ya kai digiri 46.7 a birnin Portland na jihar Oregon, jihar da take da gwanayen wannan noma, ya kuma kai 49.6 a ƙauyen Lytton na Kanada. A watan Yulin 2022 Ingila ta ga digiri 40.3, abin da ba a taɓa aunawa ba a can. Ga mai noman gasa, furen da ya zube ba ƙaramar asara ba ce. Ba kowane fure ne ya dace ba: ana son wanda ke kan uwar yaɗo, mita uku ko fiye daga saiwa, inda ganye ya wadata. In wannan ya faɗi sai a jira na gaba, kuma kabewar da a ganiyarta take ƙara kilogiram 20 a yini ba ta da kwanakin ɓatawa.

Dabarar da ta yaɗu ita ce ƙanƙara. Bayan an gama barbara sai a kifa kula a kan furen, a jera gorunan ruwan da aka daskarar a kewaye da shi, a riƙa canja su har yamma, wani lokaci har washegari. Wasu suna kafa rumfa ko lema, wasu su kunna fanka, wasu su riƙa fesa ruwa kamar raɓa a kan ganye. Ba za a ce dabarar ba ta da amfani ba. Tana hana tsakiyar furen bushewa, tana ba bututun bununi damar kaiwa inda za shi, kuma manoma da yawa sun tsirar da shekararsu da ita.

Amma akwai abin dubawa a nan, kuma ya fi zancen gasa girma. Da farko, ƙanƙarar safiyar barbara rabin magani ce. Zafi yana ɓata bununi tun yana haɗuwa a cikin tohon, kwanaki kafin furen ya buɗe, kuma daren da bai huce ba yana da nasa lahani. Haka nan a dangin kabewa tsananin zafi yakan sa shuka ta yawaita furanni maza ta rage mata. Wanda ya sanyaya macen fure alhali bununin da ya goga mata ya riga ya gasu, ya yi aikin baban giwa.

Abu na biyu shi ne ya fi muhimmanci. Tace iri zaɓe ne, kuma mai zaɓe ba ya iya zaɓar abin da bai gani ba. Idan a rana mai digiri 38 aka lulluɓe kowane fure da ƙanƙara, shukar da za ta iya ɗaukar ɗa a wannan zafi da wadda ba za ta iya ba sun zama ɗaya a idon manomi. Dukkansu za su haihu, a auna 'ya'yansu, a raba irin wadda ta fi nauyi. Ta haka rauni yake wucewa daga zuriya zuwa zuriya ba tare da an ƙidaya shi ba. Ga shi kuwa kusan duk kabewar da ke lashe gasa daga tushen Dill ta fito, kuma shekara bayan shekara 'yan ƙwayoyin da suka yi suna ake ta haɗawa da juna. Iri mai ƙunƙuntar nasaba, wanda aka tace a kan siffa ɗaya tilo, aka kuma kare shi daga jarrabawar da yanayi ke ƙara tsanantawa, yana kan hanyar zama shukar da ba ta haihuwa sai da firji a kusa.

Masu wannan noma suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Yawancinsu mutane ne masu wasu sana'o'in, shuka biyu ko uku suke da ita a bayan gida, kowace ta cinye fili da ruwa da taki da watanni na wahala. Ba adalci ba ne a ce wa irin wannan mutum ya zuba ido furen da ya ɗora wa burin shekara ya ƙone don amfanin ilimi. Tace iri mai jure zafi aikin cibiyoyin bincike ne masu ɗaruruwan shuke-shuke. Wannan gaskiya ne, sai dai bai rufe zancen ba, domin ba a bukatar kowa ya sadaukar da furensa na gasa. Kowace shuka tana fitar da mata da dama a rassanta, waɗanda daga baya tsinke su ake yi a zubar. Babu abin da zai hana a yi wa biyu ko uku daga cikinsu barbara ba tare da ƙanƙara ba, a rubuta zafin ranar da na daren da ya gabata, a rubuta ko ta kama ko ba ta kama ba, sannan a tsinke. Abin da cibiya ɗaya ba za ta iya tarawa ba, dubban manoman da ke warwatse daga Kanada zuwa Italiya za su tara shi a 'yan shekaru, kuma a kan irin da aka san nasabarsa.

Manazarcin Hausa yana da dalilin sauraren wannan muhawara, ko da ba ta ƙasarsa ba ce. Kabewar miyar taushe da damina take fure, lokacin da hadari ya karya zafi, saboda haka ba ta cika gamuwa da wannan matsala ba. Amma mai noman rani da ke shuka kankana ko kokwamba a fadama, waɗanda dangin kabewa ne masu fure namiji da mace, yakan shiga watan Maris da Afrilu da shukarsa tana fure, a zafin da ya wuce wanda ke tayar da hankalin manomin Minnesota. Shi ba shi da ƙanƙarar da zai kai gona. Irin da ke hannun tsofaffin manoma, wanda ake ajiyewa daga kaka zuwa kaka, rana ce ta tace shi, sai dai ba wanda ya rubuta salsalarsa. Wato a can akwai rubutu babu jarrabawa, a nan akwai jarrabawa babu rubutu. Harshen ma bai rasa kayan aikin yin rubutun ba: bununi kalma ce da manomin gero da dawa ya daɗe da ita, barbara kuwa an aro ta daga kiwo ta zauna daram a kan tsirrai, ga kuma mazauna dausayin hamadar Nijar, irin su Bilma da Ingal, waɗanda tun kaka da kakanni suke ɗora bununin namijin dabino a kan mace da hannu.

Ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth, wadda ke tsara ƙa'idojin wuraren awo da tattara sakamakonsu, tuni take karɓar nauyi da sunan uwa da na uban kowace kabewa. Ƙarin da ake bukata a takardar shiga gasa bai wuce layi uku ba: ranar barbara, zafin ranar, da ko an yi amfani da ƙanƙara. Daga nan mai sayen ƙwaya a gwanjo zai iya tambayar abin da a yau ba ya cikin sunanta, wato a digiri nawa uwarta ta ɗauki ɗa.