Maggie Alphonsi da 'yan matan bakin Kainji

An haifi Maggie Alphonsi a Landan a shekarar 1983, 'yar asalin Najeriya ce, kuma da murɗaɗɗiyar ƙafa ta zo duniya, sai da likitoci suka yi mata aiki tun tana ƙarama. Duk da haka ta buga wa Ingila wasan zari-ruga sau 74, tana cikin 'yan gaba masu tare abokan karawa da ƙwace ƙwallo. Da ita aka ci gasar ƙasashe shida ta Turai sau bakwai a jere, daga 2006 zuwa 2012. A 2014 kuma, a birnin Paris, Ingila ta doke Kanada da ci 21 da 9 ta ɗauki kofin duniya, sannan Maggie ta ajiye rigar ƙasa.

Abin lura a tarihinta shi ne mafarinsa. Tana da shekara 14 wata malamar motsa jiki a makarantarsu ta ga ƙarfinta, ta nuna mata hanyar kulob ɗin Saracens. Malama guda da fili guda, shi ke nan.

Wanda ya san Yawuri da Ngaski da Shanga ya san ƙarfi ba baƙo ba ne a wurin 'yan matan bakin tafkin Kainji. Yarinyar da ta tashi a tsibiran Gungawa tana tuƙa kwalekwale, tana ɗaukar kwandon kifi zuwa kasuwa, ta riga ta mallaki kafaɗa da numfashin da masu horarwa ke nema. Bikin Rigata ma shaida ne cewa ƙasar Yawuri ta daɗe tana girmama gasa. Abin da babu shi ne malamar da za ta gani, da filin da za a gwada. A makarantunmu da yawa darasin motsa jiki ya zama suna a jadawali kawai.

Iyaye na da hujjoji biyu, kuma ba na banza ba ne. Na farko sutura. Dokokin hukumar zari-ruga ta duniya sun yarda mace ta yi wasa da ɗankwali da dogon wando, matan Iran ma a rufe suke bugawa. Idan malama mace ce, filin kuma na cikin makarantar 'yan mata, an kiyaye kunya. Na biyu tsaro. Tun da aka sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, uba yana da dalilin fargaba. Sai dai maganin wannan shi ne katanga da masu gadi. Idan muka rage wa makaranta duk abin da ke sa yarinya ta so ta, mun ƙarasa wa 'yan bindiga aikinsu.

Ba lallai ne wasan ya zama zari-ruga ba, ko da yake kulob ɗin Barewa na Kano ya nuna cewa yana iya tsirowa a Arewa. Tseren kwalekwale da iyo da gudu sun fi kusa da mu. Abin da ake bukata daga gwamnatin Kebbi da masarautar Yawuri kaɗan ne: a ɗauki malamai mata na motsa jiki, a gyara filaye, a ware wa 'yan mata nasu tseren a Rigata. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, shekarun nan na goma sha kuwa ba sa jira.