Dogon Hutu Ya Kama: Ina Ma'aikacin Abuja Zai Shimfiɗa Tabarmarsa?

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, Abuja takan canza kama. Makarantu sun rufe, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta tafi hutunta na shekara, kuma a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe sai ka ga manya da iyalansu suna jan akwatuna, wasu sun nufi Landan, wasu Dubai. Hadimin da ya sayi tikitin, da ma'aikacin da ya shirya takardun tafiyar, su kuwa gida za su koma su tarar da yara sun gaji da zaman ɗaki, suna tambayar ranar da za a fita da su. Ga mai ƙaramin ƙarfi, amsa mafi sauƙi ita ce a dafa shinkafa, a zuba zoɓo a gora, a naɗe tabarma, a nemi inuwar itace. Amma samun wannan inuwa a babban birnin tarayya yana ƙara wuya shekara bayan shekara, kuma dalilan hakan sun cancanci a tsaya a duba su.

Da ma ba haka aka tsara birnin ba. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke fadar mulki daga Legas a watan Fabrairun 1976, ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa shi ne cunkoso da rashin wurin numfasawa. Babban tsarin birnin da aka kammala a 1979 ya keɓe filaye masu yawa domin lambuna, kuma ya bar kwaruruka da bakin rafuffuka da gindin duwatsu a matsayin wuraren da ba za a yi gini ba. Masu tsarin sun so kowace unguwa ta sami fili da mazaunanta za su iya takawa da ƙafa su je. Wanda ya san Garki da Wuse bayan dawowar gwamnati a Disambar 1991 zai tuna irin waɗannan filaye a tsakanin gidajen ma'aikata.

Lambun Millennium da ke Maitama shi ne abin nunawa a wannan fanni, kuma ya cancanci yabon da ake yi masa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin da ta zo taron shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a zamanin Shugaba Obasanjo. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya zana shi a kan fili mai faɗin kimanin hekta 32. Rafi ya raba lambun biyu: ɓangare guda an bar shi da itatuwa da ciyayi kamar yadda daji yake, ɗayan kuma an shirya shi da doguwar hanya miƙaƙƙiya da maɓuɓɓugan ruwa irin na lambunan Italiya. A watan Agusta, bayan ƙasa ta sha ruwa, ciyawar wurin takan yi kore shar, Dutsen Aso na can tsaye cikin hazo. Ba a banza masu ɗaukar hoton aure suke tururuwa can ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an san lambun da shiga kyauta, don haka a ranakun Sallah da Kirsimeti za ka ga darakta da masinja kowa da tabarmarsa, babu mai tambayar wani matakin albashinsa.

Sai dai rufe shi da aka yi a 2020 saboda annobar korona ya tona wani asiri. Lambun bai sake buɗewa ba sai a 2022, kuma a tsawon wannan lokaci mazauna birnin suka gane cewa ba su da na biyunsa. Akwai bakin Tafkin Jabi, inda masu motsa jiki suke cika da safiyar Asabar, ga iska mai daɗi, ga kwale-kwale. Akwai lambun yara da gidan namun daji a Asokoro, kusa da Dutsen Aso. Mai mota da ƙarfin hali yana iya nausawa wajen madatsar ruwa ta Usuma ta hanyar Bwari. Idan ka ƙirga waɗannan, to kusan ka gama lissafin wuraren da magidanci zai kai iyalinsa da abincinsa ba tare da an miƙo masa takardar farashi ba.

To ina sauran filayen da aka keɓe suka shiga? Da yawansu suna nan, amma sun koma wani abu dabam. Tsarin da hukumar birnin ta daɗe tana bi shi ne ta ba ’yan kasuwa hayar filin lambu, su gyara, su kula da shi, su nemi riba. A takarda dabara ce mai kyau, domin ta sauke wa gwamnati nauyin yankan ciyawa da biyan masu gadi. A aikace kuwa, ɗan kasuwa ba ya samun riba daga inuwa. Ribarsa tana cikin gasasshen kifi da abin sha da hayar rumfar biki. Sannu a hankali ciyawa ta ba wa siminti wuri, aka zagaye filin da katanga, aka kafa manyan lasifikoki. Shi ya sa a bakin mutanen Abuja kalmar "gadin" ta daina nufin lambu, ta koma nufin wurin zaman dare. Ba laifi ba ne mutum ya nemi inda zai huta bayan aiki, kuma waɗannan wurare suna ɗaukar matasa da dama aiki. Amma ba can ne uwa za ta kai ’ya’yanta su yi guje-guje ba.

Hukumomi sun san da wannan. A 2022 an ba da umarnin a riƙa rufe lambuna da ƙarfe 7 na yamma, aka yi ta ce-ce-ku-ce, masu lambuna suka koka cewa a lokacin ne ma kasuwarsu take fara ci. Umarnin ya kama reshe ya bar tushe. Matsalar ba lokacin tashi ba ce. Matsalar ita ce an ba da dukiyar jama'a haya ba tare da an tsaya tsayin daka kan abin da jama'a za su samu ba. Kuma wannan ma da sauƙi a kan filin da aka canza wa manufa ɗungurungum, aka mayar da shi rukunin gidaje ko shaguna. Lambun da ya zama mashaya ana iya karɓe shi gobe a sake shuka ciyawa. Wanda aka kafa wa bene mai hawa huɗu ya tafi ke nan, sai dai da katafila da shari'a. Mutane ba su manta da rusau ɗin zamanin Malam Nasir El-Rufa'i ba, tsakanin 2003 da 2007, lokacin da aka yi yunƙurin maido da tsarin birnin na asali. Cewa har yau ana tafka muhawara iri ɗaya a ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, wanda ya kama aiki a Agustan 2023, ya nuna cewa filin lambu a Abuja bai da wani kariya da ya wuce ra'ayin wanda ke riƙe da alƙalami a lokacin. Duk ƙasar babban birnin tana hannun gwamnatin tarayya, kuma sa hannun minista ne ke raba ta.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci, wa yake ta batun ciyawa? Damina da kanta takan ba da amsa. Filayen da masu tsara birnin suka bari a bakin rafuffuka ba don ado kaɗai suka bar su ba. Su ne hanyar ruwa, su ne ke shanye shi kafin ya taru. Ambaliyar da ta auka wa rukunin gidaje na Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023 ta tuna wa kowa abin da ke faruwa idan aka yi gini a inda ruwa ya saba bi. Filin da yara ke wasa a cikinsa ranar Asabar shi ne yake hana ruwa shiga ɗakin wani ranar Talata.

Akwai kuma batun nisa, wanda a ganina shi ne ya fi shafar mai karanta wannan shafi. Tun bayan da aka mayar da haƙƙoƙin ma'aikata kuɗi a zamanin Obasanjo aka kuma sayar da gidajen gwamnati, yawancin ma'aikatan tarayya ba a cikin gari suke kwana ba. Suna Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Kuje, wasu ma sun tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja a Jihar Neja. Lambunan kirki kuwa suna Maitama da Asokoro da Jabi, unguwannin da kowane gida ke da farfajiyarsa da itatuwansa. Wato inuwar gwamnati tana inda aka fi ƙarancin buƙatarta. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, magidancin da zai kwaso mata da yara huɗu daga Mararaba zuwa Maitama ya kuma mayar da su, sai ya yi lissafi sau biyu, musamman idan albashinsa bai yi nisa da mafi ƙaranci na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Shiga kyauta ce, amma isa wurin ba kyauta ba ne.

A nan ne ma'aikata da hadimai suke da abin yi fiye da yadda suke zato. Takardar neman canza manufar fili ba daga sama take faɗowa kan teburin minista ba. Ta hannun jami'ai take bi, kowa ya rubuta ra'ayinsa a gefe. Kasafin kuɗin babban birnin kuma Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke amincewa da shi, tun da Abuja ba ta da majalisar jiha, kuma hadiman ’yan kwamitoci ne ke shirya tambayoyin da ake yi wa jami'ai ranar kare kasafi. Tambayoyi uku sun isa: lambuna nawa ke cikin rajistar sashen kula da lambuna, nawa ne daga ciki mutum zai iya shiga ba tare da ya sayi komai ba, kuma nawa ne suke a garuruwan kewaye? A wallafa jerin da taswirarsa, kowa ya ga na unguwarsu, domin filin da jama'a suka san nasu ne ya fi wuyar ɓacewa cikin dare.

Kafin nan, wanda ya ƙudura fita da iyali a wannan hutu gara ya yi sammako, don ruwan Agusta ya fi son yamma. A tafi da leda mai kauri da za a shimfiɗa ƙarƙashin tabarma saboda laimar ƙasa, da wata ta kwashe shara, tun da kwandunan wuraren kan cika tun kafin azahar a ranakun da jama'a suka yi yawa.