Ku Tuna da Canjin Kuɗi!

Jama'a, manoma da makiyaya, ku saurara! A 1984 an canja mana kuɗi, muka sha wuya. A 2023 aka maimaita: aka janye tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wai mu riƙa ciniki ta waya. Wace wayar? A ƙauyen da ba banki, ba lantarki? Awaki suka yi kwantai a kasuwa, majinyaci ya rasa na magani alhali kuɗinsa na banki!

Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma a fara kawo wuta da banki tukuna.

Masu wannan aika-aika za su dawo da sabulu da atamfa. Kada ku sayar musu da ƙuri'arku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku fito, ku zaɓi jam'iyyar talakawa!