Mai Taɓin Hankali Na Bukatar Tattaki

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma hana ɗaure majinyaci da mari. Kun dai tuna yadda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa a 2019, wasunsu da sasari a ƙafa. To, an kwance mari, amma ƙafar da ta daɗe a zaune wa zai tashe ta? Ke ce, uwargida, domin a Ikara da Maƙarfi da Kudan jinya a hannunmu take.

Idan an sallamo ɗanki daga asibitin Barnawa ko na Shika mai ciwon nan na jin muryoyi, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, sau da yawa za ki ga yana jan ƙafa, jiki a sandare, hannu na rawa. Kada ki ce iskokai ne. Magunguna irin su haloperidol kan jawo haka, zaman ɗaka kuma ya ƙara. Kada ki tsai da maganin, ki gaya wa likita ya gyara.

Sannan ki sa shi tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar minti 150 a mako. A fara da zagaya tsakar gida da sassafe, da tashi daga kujera a sake zama sau goma. In ƙafa ta yi ƙarfi, wansa ya raka shi masallaci ko gonar rake. Ku 'yan makaranta, ku riƙa rubuta mintocin a littafi, a kai wa likita ranar komawa asibiti.