Allurar 'yan Sin da ciwon ciki mai naci: kafin ku biya kuɗin



Makon jiya wata Hajiya da ta daɗe tana sayen magani a kantin da nake aiki a Agege ta shigo da takardar talla a hannu. Tallar wani wuri ce da ake soka wa mutane siraran allurai irin na 'yan ƙasar Sin, abin da ake kira akufanca. Maigidanta, mai harkar kayan gwari a Mile 12, ya shekara uku yana fama da ciki. Da ya yi loma biyar sai ya ji ya cika fam, ciki ya kumbura, gyatsa ta yi ta zuwa har dare. Ya sha omefirazol har ya haddace kalar kwalinsa, ya sha farin maganin ruwa, ya jiƙa jar kanwa, duk a banza. Ta ce da ni, “Ƙanwata, tsakaninki da Allah, in biya kuɗin nan ko damfara ce?”

Na ce mata ba damfara ba ce, amma kada ta biya tukuna. Tun da na san ba gidanta kaɗai ake wannan tambaya ba, bari in kawo muku dalilina.

A wajenmu duk abin da ya taɓa ciki sunansa olsa. Amma idan aka zura na'urar leƙa ciki ta maƙogwaro, yawancin masu irin wannan kuka ba a samun gyambo ko ɗaya a tumbinsu. Tumbin lafiya lau a ido, aikinsa ne ba ya tafiya daidai. Wani nasa ba ya saki ya buɗe idan abinci ya shigo, wani nasa yana jinkirin tura abincin gaba, wani kuma jijiyoyin wurin ne suka cika saurin jin zafi. Likitoci sun kasa wannan matsala gida biyu. Akwai mai saurin ƙoshi da nauyin ciki bayan cin abinci, akwai mai zafi ko raɗaɗi a ƙahon zuciya. Ku riƙe wannan rabon, domin zai yi mana amfani nan gaba.

Ita akufanca ta haura shekara 2,000 ana yin ta a Sin. Mutane da yawa suna zaton allura ce irin ta asibiti. Babu ruwan magani a cikinta, ƙarfe ne zalla, siriri kamar gashi, a soka shi a wasu wurare na jiki a bar shi minti 20 zuwa 30 sannan a zare. Don matsalar ciki an fi amfani da wani wuri a ƙasan gwiwa, da wani a cikin hannu kusa da wuyan hannu, da wani tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji. Ba ƙaho ba ce, ba kuma sakiya ba, domin ba a fitar da jini, ba a ƙona fata. Masu ita na gargajiya suna cewa tana daidaita wani ƙarfi da ke zagaya jiki. Masu binciken zamani kuwa sun fi karkata ga cewa allurar tana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da tumbi.

To, tana aiki? A 2020 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 5 a Sin, da marasa lafiya 278 masu saurin ƙoshi da nauyin ciki bayan abinci. An raba su biyu. Rabi aka yi musu akufanca ta gaske, rabi kuma ta bogi, wato a ɗan soka allurar sama-sama a wurin da ba nan ba ne. Kowa ya yi zama 12 cikin mako 4. A ƙarshe kashi 83 cikin ɗari na masu ta gaske suka ce sun samu sauƙi sosai, a masu ta bogi kuwa kusan kashi 52. Waɗanda alamomin suka ɗauke musu gaba ɗaya ba su da yawa, kusan kashi 28 a masu ta gaske, kashi 17 a ɗaya ɓangaren. Sauƙin ya ci gaba har mako 12 bayan an daina.

Wannan sakamako ne mai kyau, ba zan rage masa komai ba. Amma ku dubi wancan kashi 52. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa ta bogi sun ji sauƙi, domin kulawa da sa rai suna da nasu tasiri a kan ciki. Saboda haka idan maƙwabciyarki ta rantse miki cewa ta warke, ba ƙarya take yi ba, sai dai shaidarta ba ta isa ta nuna cewa allurar ce ta yi aikin ba. Kafin wannan, a 2014, ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta duba bincike 7 da aka yi da mutum 542, ta ce ingancinsu bai kai a yanke hukunci da su ba.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, mutanen binciken 2020 sai da aka leƙa cikinsu aka tabbatar babu gyambo babu ƙari kafin a soka musu allura ko ɗaya. Maigidan Hajiya kuwa ko gwajin bayan gida bai taɓa yi ba.

Da na tambaye ta irin magungunan da yake sha bayan na ciki, sai ta ce ai babu. Na ce ko na ciwon jiki? Ta ce, “Au, wannan ai kullum ne.” Ashe duk yamma idan ya dawo kasuwa sai ya haɗiyi dikilofenak saboda ciwon baya, wani lokaci ya ƙara da haɗin ƙwayoyin da masu talla a faranti suke ƙullawa a leda. Dikilofenak da ibufurofen da firoksikam da asfirin duk dangi ɗaya ne, suna rage kariyar da bangon tumbi yake yi wa kansa. Wanda yake shan su kullum ko allura dubu aka soka masa cikinsa ba zai lafa ba. Wannan shi ne abin da na fi gani a kanti, kuma da wuya mutum ya kawo shi da kansa, domin a ganinsa maganin gajiya ba magani ba ne.

Sai kuma ƙwayar cutar da za ku ga an rubuta H. pylori a takardar gwaji. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙarta da gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna, galibi na kwana 14, kuma allura ba ta kashe ta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne zuwa gwaji ana tsaka da shan omefirazol, sai sakamako ya nuna babu alhali akwai. A dakatar da shi mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Shi kansa omefirazol ɗin ma, minti 30 kafin karin kumallo ake shansa, ba bayan an ƙoshi ciki ya fara zafi ba.

Akwai waɗanda ba ma sai sun tsaya wata shawara ba, asibiti za su nufa kai tsaye. Wanda yake ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a maƙogwaro, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya ga jini a amai, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta. Haka wanda ciwon ya fara masa bayan ya haura shekara 55. Idan kuma zafin ƙirji ya zo da gumi da ɗaukewar numfashi ko ya sauka hannun hagu, kada a jiƙa kanwa, zuciya ce ake tsoro.

Idan an bi duk wannan, likita ya ce ciki lafiya, an sha magani yadda ya kamata amma nauyin ciki bayan abinci yana nan, ni ba zan hana kowa gwada akufanca ba. Illarta kaɗan ce a hannun wanda ya iya, ɗan zafi ko ɗan taruwar jini a wurin. Sharaɗina na farko shi ne allura sabuwa, a ɓare ta daga ledarta a gabanku, a jefar bayan an gama. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma allurar da aka maimaita tana ɗaukarsa kamar yadda askar wanzami take ɗauka. Ku nemi ganin takardar rajistar mai yin, domin Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ita ke yi wa masu wannan aiki rajista. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da mai na'urar bugun zuciya a ƙirji idan za a haɗa allurar da lantarki, su tambayi likitansu tukuna. Duk wanda ya ce ku ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda allurarsa, ku ɗauki jakarku ku fita.

Ku kuma yi lissafi tun farko. Zama ɗaya ba ya wadatarwa, binciken da na ambata zama 12 ne, sau 3 a mako. Ku haɗa kuɗin zaman da na mota da wunin da za a rasa a cunkoson Legas. Idan wata guda ya cika babu canji, a tsaya haka.

Hajiya ta ce maigidan shekararsa 57, kuma wandunansa sun fara yi masa yawa. Jin haka na ce ta ajiye takardar tallar nan, na rubuta mata sunayen magungunan da yake sha don ta nuna wa likita, na ce ya daina dikilofenak daga ranar, su nemi a leƙa cikinsa cikin makon nan. Ta ce shi ba ya son asibiti. Na ce ta tura masa babban wansa.